Ta'aziyyar Dakta Abdulmumini Ɗanliti, da Gyaran Magana Kan Tsagar Gado

Bismillahir Rahmanir Rahim. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, Ƙungiyar Ma'aikatan Awon Jini ta Karkarar Arewacin Kano, a madadin Shugabanta, da Kwamitin Amintattunta, da Majalisar Zartarwarta, da ɗaukacin 'ya'yanta da ke aiki a ƙananan asibitocin Tsanyawa da Shanono da Rimin Gado, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Mataimakin Shugabanta kuma Shugaban Kwamitin Wayar da Kai, malaminmu, ɗan'uwanmu, Dakta Abdulmumini Ɗanliti, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin da ta gabata, jim kaɗan bayan azahar, a gidan mahaifinsa da ke ƙauyen Kwarin Gawo ta ƙasar Tsanyawa, yana da shekara arba'in da huɗu, bayan doguwar jinyar ciwon hanta. An yi jana'izarsa bayan la'asar a ranar, kamar yadda addini ya tanada.

Marigayin ya bar mahaifinsa, Mai Girma Sarkin Askar Kwarin Gawo, Malam Ɗanliti, da mahaifiyarsa, Inna Hure, da mai ɗakinsa, Malama Zulaihatu, da 'ya'ya mata biyu, da jariri namiji wanda aka haifa ranar Juma'a, kwana uku kacal kafin uban ya cika. Wannan jariri ya zo duniya da jini mai tsabta, domin an auna mahaifiyarsa har sau uku tana da cikinsa ba a samu komai ba, kuma a bar jinin nan da tsabtarsa shi ne abu na ƙarshe da marigayin ya roƙa a duniya. Ni mai wannan rubutu ya roƙa.

Mun san wannan sanarwa ta makara, yau kwana shida da rasuwar, mun kuma san ta fi irin tata tsawo. Majalisar Zartarwa ta zauna jiya Asabar, aka daɗe ana ja-in-ja, wasu dattawanmu suna ganin ta'aziyya ba wurin tone-tone ba ce, a yi addu'a a rufa asiri a tashi. A ƙarshe Shugaba ya yanke cewa a ba ni, Sakataren Yaɗa Labarai, izinin rubuta abin da ya faru da sunana, ba tare da an rage komai ba. Wanda ya fara karantawa, don Allah kada ya tsaya a rabi. Gajarta magana ce ta kai mu inda muke.

An haifi Dakta Abdulmumini a gidan wanzamai na asali, gidan da tun kaka da kakanni yake riƙe da askar Kwarin Gawo, kuma da yake shi ne ɗan fari, kowa ya ɗauka shi zai rataya zabira bayan ubansa. Allah bai nufa ba. Ya yi allo, ya yi boko har jami'a inda ya karanci ilimin awon jini, sannan ya yi digiri na uku a kan yadda ƙwayoyin cutar da ake kira bairos suke zille wa garkuwar jikin ɗan Adam. Mai irin wannan takarda birni ke riƙe shi, ko ƙasar waje ta ɗauke. Shi kuwa ya tattaro littattafansa ya dawo mana, ya kafa ɗan ɗakin awo da firji mai aiki da hasken rana, ya ɗaure akwatin sanyi a bayan babur, ya shiga ratsa gonaki gida-gida, shekara goma sha biyu. Babu ɗaya daga cikinmu da bai sha faɗansa ba a kan kwalbar jinin da ba a rubuta wa suna da kyau ba. Zai ɗaga ta sama ya ce, “Wannan na mutum ne ko na ɗan akuya?” sai ka koma ƙauyen da ƙafarka ka sake ɗiba. In an tashi aiki kuma shi zai sa a kawo rogo da ƙuli, mu ci a kwano ɗaya.

Shekara tara da suka wuce ya je ba wata mai haihuwa jini, aka auna nasa kamar yadda aka saba, sai ga ciwon hanta nau'in C. Ya sha maganinsa, wanda muke shaida wa jama'a cewa yana warkar da mafi yawan masu shan sa, amma shi yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da cutar take lafawa ta sake tasowa. Kafin a shirya wani zagayen maganin, hanta ta riga ta ƙandare, daga baya tsiro ya fito a cikinta. Awon ƙarshe da muka yi masa watan jiya ya nuna ƙwayar tana nan danƙam a jininsa. Ba a taɓa ƙara masa jini ba, ba a taɓa yi masa tiyata ba, mahaifiyarsa ba ta da ciwon. Wata rana muna hutawa a gindin wata kuka ya shafa tsaga uku-uku da ke gefen bakinsa ya ce mini, “Ba zan iya rantsewa ba, Khalilu, amma ina zaton tun ranar sunana nake tare da baƙon nan.” Bai sake tayar da zancen ba sai ana gobe hankalinsa zai gushe.

Babbar hidimarsa ga wannan yanki ita ce mayar da ilimin da ya karanto zuwa Hausar da manomi zai ji. Akwai wasu sinadarai a cikin jini, sun haura talatin, mafi yawansu hanta ce ke ƙera su, sunansu na Turanci kwamfilimen, wanda ko mu ma'aikata sai mun gyara zama muke faɗa. Shi ya raɗa musu suna 'yan ɗauki. Yakan ce suna yawo a jini shiru, kowa na harkar gabansa, har sai baƙo ya faɗo. Na farkon da ya ci karo da shi sai ya maƙale masa ya yi kuwwa, kuwwar ta tayar da na biyu, na biyu ya tayar da goma, kafin ka ce kwabo an yi masa zobe. Wasu su shafa masa alama don masu haɗiye cuta su gane shi, wasu su ruga kiran ƙarin dakaru, na ƙarshe su jeru a jikinsa su huda shi ya fashe. To amma taron da ya fito da sanda ido rufe, me zai hana ya rafke ɗan gida? Sai ya ce Allah Ya yi wa kowace ƙwayar halitta ta jikinka wata shaida a fatarta, wadda in 'yan ɗauki suka taɓa sai hannunsu ya yi sanyi. Ɗan wanzami ne, bai yi nisan neman suna ba, ya kira ta tsagar gado.

Daga nan sai ya zo kan ɓarayin, wato ƙwayoyin cutar. Wasu, irin dangin agana, jabun tsagar suke ƙerawa da kansu. Wasu mai kuwwar suke toshe wa baki. Na ciwon hantar nan kuwa, in ya gama hayayyafa a cikin ƙwayar hanta zai fito, sai ya yafo fatar gidan da tsagarta da komai, ya ratsa tsakiyar 'yan ɗauki suna ba shi hanya. Bai tsaya nan ba, da yake a hantar yake zaune, wato a maƙerar da ake ƙera su, sai ya riƙa rage wutar maƙerar har 'yan ɗaukin su ƙaranta. Na ga tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba suna kaɗa kai suna cewa lallai sai da ɗan gari kan ci gari. Ƙarshen bayaninsa kullum ɗaya ne: tunda jiki ba ya gane wannan ɓarawo in ya shiga, to a tsare ƙofa, kada aska ko allura da ta taɓa jinin wani ta taɓa naka.

Yanzu na zo inda alƙalami ke yi mini nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara uku da suka wuce, ranar wata kasuwar Tsanyawa, gab da faɗuwar damina, Dakta ya yi wannan bayani da lasifika kusa da 'yan hatsi, minti arba'in cur, ina gefe ina naɗa a waya. Da muka tura wa jama'a sai ƙorafi ya yi yawa, wai ya yi nauyi, ba ya buɗuwa. Sai na zauna, ni Khalilu, ba wanda ya sa ni, na nemo inda muryarsa ta fi tashi, na datse gaba na datse baya, na liƙa hotonsa da sunansa da na mahaifinsa, na saki. Abin da ya faɗa a wurin shi ne: “Ɓarawon nan wayo gare shi, kafin ya fito sai ya sato tsagar gidanku ya sa a fuska. To a wannan ciwo na hanta, jama'a, ku riƙe wannan, mai tsagar gado ba a taɓa shi. Shi ya sa ɓarawon yake cinye mutum ba wanda ya yi kuwwa.” Abin da na saki shi ne tsakiyar kaɗai: “A wannan ciwo na hanta, jama'a, ku riƙe wannan, mai tsagar gado ba a taɓa shi.” Ni da na san kan zancen, kunnena ya riƙa ciko mini abin da na datse, na saurara ya fi sau goma ban ji aibu ba. Har yabo na sha a ofis, wai na iya aiki.

Kafin a yanke gero maganar ta kai inda babur ɗinmu bai taɓa zuwa ba. Wa zai yi musu? Likita ne ya faɗa, likitan ma ɗan Sarkin Aska, wanda ya san boko ya san gado. Tsagar da ta kusa mutuwa a ƙasar nan sai ga ta ta miƙe da ƙarfinta. Ba jarirai kaɗai ba, 'yan shekara biyar, 'yan bakwai, har da matan aure, a jera su a zaure da safe, aska ɗaya, tsumma ɗaya, a tsaga a shafa baƙin tukunya a kira na gaba. Ba mugunta ba ce, wallahi ba mugunta ba ce, kowace uwar da ta danne ɗanta yana tsala ihu, rigakafi take ganin tana yi masa. Bayan shekara guda muka fara ganin ciwon hanta, nau'in B da nau'in C, a jinin yaran da iyayensu mata ba su da shi. A wata unguwa mai gida ashirin da 'yan kai mun samu yara biyar.

Ranar da na je masa da wayar a hannu, na ce ya kai ni gaban Majalisa a kore ni, sai ya saurari muryar sau biyu ya ajiye. Ya ce, “Bakina ne ya faɗa, Khalilu, ba ka ƙara ko wasali ba. Tashi mu je mu kwaso ta.” Ina! Magana zarar bunu ce. Mun naɗi sabuwar murya ta minti biyar, ba wanda ya tura wa wani. Mun shiga rediyo, mun bi limamai da masu unguwanni, mun raba wa wanzamai sabuwar reza kwali-kwali, kuma da yawansu, Allah Ya saka musu, sun karɓa. Amma a bakin rijiya da wurin sussuka abin da ake cewa shi ne ta farkon ce gaskiya, ta biyun gwamnati ce ta matsa masa ya janye. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa, ciki na kumbura ƙafa na kumbura, a haka ya ƙarar da su, kasuwa-kasuwa, yana ƙaryata kansa.

Ba zan manta da wata kasuwar Shanono ba, bara. Lokacin ya rame har hoton da na liƙa ya daina kama da shi. Ya tare wata dattijuwa da jikarta, kuncin yarinyar ɗanye shar da sabuwar tsaga, ya fara yi mata bayani a hankali. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai kuma a su wa? Likita ɗan Sarkin Aska da bakinsa ya faɗa, tana nan a wayar ɗana.” Ya nuna gefen bakinsa ya ce, “Inna, ni ne shi. Dubi tsagata, sannan ki dubi idona.” Idon nan ya yi rawaya kamar garin ɗorawa. Ta matso ta duba da kyau, ta ce, “Ayya, ɗan nan, ai taka tsufa ta yi, je ka a sabunta maka.” Dariya ya yi har sai da ya dafa babur. Da muka hau hanya kuma na riƙa jin ƙirjinsa yana girgiza a bayana, ban waiwaya ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tara da wannan gyara ido da ido ba, shi ne mahaifinsa. Baƙo zai yi mamaki, mu kuwa mun san kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari. Shekara arba'in da huɗu Sarkin Aska bai taɓa kiran sunan Abdulmumini ba, sai dai ya ce wancan na asibiti. In ɗaya ya shigo zaure, ɗaya sai ya tuna da wani aiki a gona. Saƙo ta bakin Inna Hure yake bi. Ta hannunta aka kai masa reza, ya karɓa ba musu, kuma tun daga ranar duk ɗan da aka kawo masa a gaban iyayensa yake ɓare sabuwa. Abin da ya ce kawai shi ne reza ta 'ya'yan mutane ce, jinin gidansa kuwa sai askar ubansa. Gyaran da ake yi a rediyo ya ji shi, ya sa shi a sahun maganar gwamnati, har yana tausaya wa ɗan da aka matsa wa. Sannan Inna Hure ta gaya wa ɗanta abin da ya ɗaure masa baki har kabari. Ta ce tsohon ya sa an zuba masa muryar nan a wayarsa, takan iske shi a bayan rumbu shi kaɗai ya kara ta a kunne yana maimaitawa. Tun da yaron ya tafi boko yake zaton ya raina sana'ar gidan, sai ga shi a tsakiyar kasuwa, da lasifika, yana yabon tsagar gado. Dakta ya ce mini, “Abu ɗaya na taɓa ba shi ya ji daɗi a duniya, shi ma kuskure ne. Ta ina zan fara ƙwacewa?” Da yake 'ya'yansa mata a gidan iyayen uwarsu aka haife su aka yi suna a can, sai ya riƙa ɗaga maganar zuwa gobe.

Da likitocin birni suka ce a kai shi gida, aka dawo da shi Kwarin Gawo tare da Malama Zulaihatu da tsohon ciki, a nan ta sauka ranar Juma'a. Asabar da hantsi na je duba shi na tarar hankalinsa garau, an ɗora masa jaririn a ƙirji. Ya sa kowa ya fita, ya kama hannuna ya ce, “Juma'a suna, ni kuwa ba na jin zan kai. Zulaihatu suruka ce, ba ta da baki a gaban Baba. Inna ba za ta iya ba. Kai ba ɗansa ba ne, babu kunya tsakaninku. Ka faɗa masa duka, har da zaton da nake yi game da tawa tsagar. In ya ƙi ji, ka ɗauke yaron ka gudu da shi, in ya so a ce ka yi hauka.” Na ce ya kwantar da hankalinsa, na ɗauka, har da rantsuwa. Lahadi ya daina gane mutane. Litinin ya cika.

Kwana uku na yi zaman makoki a ƙofar gidan, kafaɗata na gogar ta Sarkin Aska. Litinin na ce yau aka binne masa ɗa, ba ranar wannan magana ba ce. Talata na buɗe baki sai ga ayarin wanzaman Rimin Gado sun zo gaisuwa. Laraba bayan an shafa addu'ar uku muka kaɗaita ni da shi, ba kowa, ya juyo ya ce, “Halilu, an ce kai ne ka naɗi maganar nan ko? Allah Ya yi maka albarka, ka bar mini muryarsa.” To ku gaya mini, jama'a. Na ce amin. Abin da na ce ke nan, amin, na tashi na nemi takalmina. Na ce ai akwai Alhamis, ranar Alhamis kuma na ce ai aski sai rana ta ɗaga an ci an sha, zan yi sammako Juma'a in tare shi kafin ya buɗe zabira. Na manta gidan makoki ne, babu taro, babu abin jira.

Ƙarfe bakwai da rabi na sauka daga babur. Tun daga bakin zaure na ji kukan, kuma duk wanda ya yi aiki da jarirai ya san wannan ba kukan yunwa ba ne. Sarkin Aska yana zaune a kan buzu, jaririn a hannun Inna Hure, kai an aske tas, gefen baki uku nan uku nan, an shafe da baƙi. Tsohon ya gan ni sai fuskarsa ta washe, ya ce, “Zo ka ga Abdulmumini.” Ya faɗa da ƙarfi, ya sake faɗa, sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba, domin an mayar wa yaron sunan ubansa. Sannan ya ɗaga askar ya nuna mini. Ya ce ranar Lahadi da ya ga jikin ya rikice, ya kasa zama ya zuba ido, ya shiga ya yi wa ɗansa ƙaho a baya ko mataccen jini zai fita ya samu sauƙi, kuma rabon da ya taɓa jikinsa tun ranar da ya yi masa kaciya. Ya ce, “Shafe ta kawai na yi na naɗe, ko wasa ta ban yi ba, ban bari ta taɓa kowa ba. Daga uban sai ɗan. Ai shi ya ce mai tsagar gado ba a taɓa shi. Na cika masa maganarsa.”

Malama Zulaihatu, wadda take takaba da jego lokaci guda, an karɓi yaron daga hannunta tun fitowa masallaci da asuba, an ce liman zai tofa masa addu'a. Ta bayan asabari ta yi magana, ba da ƙarfi ba. Ta ce, “Malam Khalilu, ina ka tsaya?” Wannan takarda ce amsar, kuma na san ba ta isa ba.

Saboda haka Ƙungiya tana sanar da jama'a da murya ɗaya cewa tsagar fuska ba ta kare kowa daga ciwon hanta, ba ta taɓa karewa ba, kuma Dakta Abdulmumini bai taɓa cewa tana karewa ba. Duk wanda ke da guntun muryar nan a wayarsa, muna haɗa shi da girman Allah ya goge ta. Ƙungiya ba ta ɗora laifi a kan Mai Girma Sarkin Aska ba, ko wanzaman ƙasar nan, ko iyaye mata. Laifin da aka sani an ambaci mai shi a sama. Game da jaririn, an yi masa rigakafin nau'in B ranar da aka haife shi, nau'in C kuwa ba shi da rigakafi, ƙwayarsa tana iya kwanaki da rai a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma tsakanin Lahadi da Juma'a kwana biyar ne. Ba kowane yanka ke ɗaukar cuta ba, wannan gaskiya ce, da ita muke riƙe. Sai nan da wajen wata biyu za mu ɗebi jininsa, in kuma ya kamu, sai ya shekara uku kafin a iya ba shi magani.

Ba za mu yaudari kowa ba, ba mu da wani zato cewa takarda za ta yi abin da mai maganar ya kasa yi da ransa da ƙafarsa. Ta fi muryar tsawo sau ɗari, kuma waɗanda suka fi bukatarta ba karatu suke yi ba. A wurin zaman makokin kansa sau uku na ji an kunna guntun muryar nan, ana cewa Allah Ya ji ƙan Likita, ya tafi ya bar mana magani. Tun da ya rasu ma daraja ta ƙara, yanzu wasiyya ake kiran ta.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Mai Girma Sarkin Askar Kwarin Gawo, da Inna Hure, da Malama Zulaihatu da marayunta uku, da Mai Unguwa da Liman da ɗaukacin jama'ar Kwarin Gawo, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta wa Dakta Abdulmumini, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙurin wannan rashi da haƙurin jiran da ke gabansu, Ya tsare jinin wannan jariri da ikonSa tunda mu mun kasa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Na miƙa takardar ajiye muƙamina jiya. Majalisa ta ce in sa hannu a wannan tukuna, kuma kada a sake ta sai na je na karanta wa Sarkin Aska ita da bakina, daga bisimilla har sa hannu. Wanda ta iso hannunsa, to ya sani na riga na je.

Baba Sarki, in ka kai nan kana saurare, saƙon ɗanka ke nan da ya ba ni ranar Asabar. Bai taɓa raina sana'arka ba, da ya nemi sunan abin da ya fi daraja a jikin mutum daga zabirarka ya ɗauko. Bai riƙe ka da komai ba, kunyarka ce ta hana shi magana, ni kuwa ba ni da ko wannan uzurin. Muryar da ke wayarka tasa ce, Baba, amma rabi ce. Ga ragowar rabin na kawo maka, kwana biyu bayan suna.

Sa hannu:
Malam Khalilu Basiru Tsanyawa,
Sakataren Yaɗa Labarai mai barin gado,
Ƙungiyar Ma'aikatan Awon Jini ta Karkarar Arewacin Kano.